DAGA ZAURE: Mai Ɗaukar Majinyaci Shi Ma Yana Gajiya

  Na yi niyyar a wannan karo mu taɓa maganar magudanun ruwa na unguwanninmu tun damina ba ta kankama ba, amma wani abu ya faru a gidanmu wanda ya sa na jingine waccan magana sai wani jiƙon.

Wani dare wajen ƙarfe goma sha ɗaya, na riga na kwanta, sai waya ta yi ƙara. Ko da na duba sai na ga ɗan ƙanwata ne, wanda aka ɗauka horon aikin agajin gaggawa, wato aikin waɗannan ma'aikata da ke cikin motar ɗaukar marasa lafiya, masu fara taimakon mutum tun daga bakin hanya kafin a kai ga likita. Makonsa na bakwai ke nan da tafiya. Ranar da sunansa ya fito, sai da uwarsa ta soya masa ta raba wa maƙwabta sadaka don murna.

Ya ce, "Kawu, ka yi barci?"

Na ce, "Da na yi barci wa ya ɗauki wayar? Lafiya dai ko, ɗana?"

Ya yi shiru har na zaci layin ya yanke. Can sai ya ce, "Kawu, ni dai gida zan dawo. Amma don Allah kada ka gaya wa Mma tukuna."

Na tashi zaune na ce ya faɗa mini abin da ya faru tun daga farko. Ya ce tun kafin asuba suke tashi motsa jiki, daga nan aji har yamma, da dare kuma ga karatun gobe yana jira. Sunayen sassan jiki da na cututtuka ba ma Turancin da ya sani ba ne, wasu kalmomi ne na Latin da Girkanci masu tsawon igiyar guga. Jarrabawar farko ya faɗi. Ranar gwajin hannu, malami na tsaye da agogo, shi kuma yana durƙushe gaban mutum-mutumin roba, sai duk abin da ya haddace ya gudu. Amma abin da ya karya masa zuciya shi ne ranar da aka kai su sashen gaggawa na wani asibiti, aka shigo da wani ɗan babur da mota ta buge. Ya ce gwiwoyinsa suka kama rawa, ya fita waje ya yi amai. Ya ce, "Kawu, wanda ya ga jini ya yi amai, me zai tsinana wa wani?"

To, jama'a, na san ba gidanmu kaɗai ake irin wannan waya ta tsakar dare ba. Yanzu alhamdu lillahi 'ya'yan zango maza da mata suna shiga wannan aiki, daga Nima da Madina da Sabon Zango, daga Aboabo da Asawase, har Tamale da Yendi. Saboda haka na nemi izinin yaron, ya yarda in rubuta, bisa sharaɗin ba zan ambaci sunansa ba.

Bari mu fara tunawa da dalilin da ya sa ƙasar nan ta ga dole ta horar da irin waɗannan ma'aikata. Duk wanda ya mallaki hankalinsa a lokacin ba zai manta da ranar 9 ga watan Mayu na 2001 ba, ranar da Hearts of Oak da Asante Kotoko suka kara a filin wasa na Ankara, babban birninmu. Aka harba barkonon tsohuwa cikin 'yan kallo, mutane suka ruga neman ƙofa, aka tattake juna, mutum 126 suka rasu. Da yawa daga cikinsu 'ya'yanmu ne na zango. A daren nan cikin tasi da motocin jama'a aka riƙa kwasar mutane zuwa asibiti, domin ƙasa ba ta da tsayayyen tsarin agajin gaggawa. Wannan musiba tana cikin manyan dalilan da suka sa aka kafa hukumar motocin agaji ta ƙasa a 2004. Daga baya aka buɗe makarantar horar da ma'aikatanta a Nkenkaasu cikin yankin Ashanti, kuma a watan Janairu na 2020 gwamnati ta raba sababbin motoci 307 domin kowace mazaɓa ta samu. Lambar kira ita ce 112. Aikin kuwa bai ragu ba, don daga 2021 zuwa 2023 babu shekarar da haɗarin mota bai kashe fiye da mutum 2,000 a hanyoyin Gana ba.

Mota dai ƙarfe ce. Abin da ke ceton rai shi ne hannun wanda ke cikinta da abin da ke kansa. Idan zuciyar mutum ta tsaya, cikin minti huɗu zuwa shida ƙwaƙwalwa take fara lalacewa saboda rashin iskar oksijin. A wannan ɗan taƙi babu damar buɗe littafi, babu damar kiran malami. Dole hannu ya san cewa ana danna ƙirjin babban mutum sau 30 a hura iska sau 2, dannawar ta nutsa santimita 5 zuwa 6, kuma ta kai sau 100 zuwa 120 a minti ɗaya. Dole kai ya riƙe cewa bugun zuciyar babba mai lafiya yana tsakanin 60 da 100 a minti, numfashinsa tsakanin 12 da 20, don a gane wanda ya kauce. Akwai ma'aunin Gilasgo da likitoci biyu suka fito da shi a 1974, wanda ake auna zurfin suma da shi daga 3 zuwa 15 ta hanyar duba ido da magana da motsi. Ga ƙasusuwa 206 na jikin babban mutum, ga magunguna da awonsu, ga karɓar haihuwa idan naƙuda ta zo a hanya. Wanda zai ɗauki wannan kaya a 'yan watanni dole wuyansa ya yi tsami. Malamin da ke tsaye da agogo ba mugunta yake yi ba, so yake ɗalibi ya sha rawar jikinsa a gaban roba, don ranar da zai durƙusa gaban ɗan wani a hanyar Kintampo hannunsa ya ci gaba da aiki ko da zuciyarsa na dukan uku-uku.

A daren nan na tambayi ɗan nawa, "Idan kun isa wurin haɗari, mene ne abu na farko da aka koya muku ku duba? Numfashin wanda ya ji rauni, ko jinin da ke zuba?"

Ya ce, "A'a, Kawu. Wurin ake fara dubawa. Ko akwai wayar wuta a ƙasa, ko mai yana yoyo, ko motoci na zuwa a guje. Sai ka tabbata kai kanka ba ka cikin haɗari, ka sa safar hannu, sannan ka taɓa kowa."

Na ce, "Don me?"

Ya ce, "Don idan mai agaji ya faɗi, majinyata sun zama biyu, mai taimako kuma babu."

Na ce, "Madalla. To, idan kana danna ƙirji, har yaushe za ka yi ta yi kai kaɗai?"

Ya ce, "Bayan kowane minti biyu ake canza hannu in akwai abokin aiki, don mutum yana gajiya dannawar ta yi rauni shi bai ma sani ba."

Na ce, "To ka ji. Aikin da kake koyo shi da kansa ya ce ka fara tsare kanka, kuma ya ce kada ka yi kai kaɗai. Kai kuwa mako bakwai kana danna ƙirji ba ka miƙa wa kowa ba, ka hana idonka barci, ka hana bakinka magana, yanzu kuma kana mamakin hannunka ya mutu."

Waɗannan ƙa'idoji biyu su ne duk abin da nake so in faɗa wa 'ya'yanmu da ke cikin wannan horo. Sauran bayani duk rassansu ne.

Mu ɗauki barci. Yaron nan ya gaya mini awa uku zuwa huɗu yake samu, sauran daren yana fama da littafi, yana taunar goro yana kurɓar ataya. Babban mutum yana bukatar aƙalla awa bakwai. Wani bincike da aka buga a 1997 daga ƙasar Ostireliya ya nuna cewa wanda ya yi awa 17 idonsa biyu, saurin hankalinsa da daidaiton hannunsa suna raguwa kamar na wanda ya sha giya. Kuma cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka koya da rana. Saboda haka ɗalibin da ya sayar da barcinsa don karatu yana zuba ruwa ne a kwando. Goro da shayi da kofi duk sinadari ɗaya ke cikinsu, kuma rabinsa yana nan a jini bayan kamar awa biyar, don haka wanda ya sha ataya bayan isha'i kada ya zargi kowa in ya kwana yana juyi. Ita kuwa ƙwayar tiramol da ta addabi samarinmu har hukuma ta tashi tsaye a kanta a 2018, duk abokin da ya miƙo maka ita da sunan maganin gajiya, ka sani ba masoyinka ba ne. Wanda gobe za a damƙa wa akwatin magunguna bai kamata ya fara da wannan ƙofa ba.

Sai karatun kansa. A nan ina ganin ɗan zango yana da gadon da bai san darajarsa ba. Yawancinmu mun zauna a makarantar allo. Malam bai taɓa rubuta wa yaro izu guda rana ɗaya ba. 'Yan layuka yake rubutawa, yaro ya biya, ya maimaita da safe da yamma, ya kawo hadda, sannan a wanke allo a ƙara. Kuma ba a barin na baya, kullum sai an yi tilawa. Wani Bajamushe mai suna Ebbinghaus ya gwada a kansa ya buga a 1885 cewa mafi yawan mantuwa tana faruwa ne a sa'o'in farko bayan koyo, kuma maimaici a rarrabe shi ke tsayar da ita. Malamanmu sun riga shi sani da ƙarnuka. To, a yi wa karatun asibiti haka nan. Abin da aka koya yau a sake duba shi yau kafin a kwanta, ko da na minti ashirin, a koma masa bayan kwana biyu, a kuma koma bayan mako. A rufe littafi a biya da ka, don karantawa sau goma ido na bin layi ba ta kai biyawa sau ɗaya ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kalmomin nan masu ban tsoro kuwa, gaɓa-gaɓa ake cin su. Yawancinsu haɗi ne na 'yan gutsattsari da ke ta dawowa: wannan yana nufin zuciya, wancan sauri, wancan kumburi, wancan ƙaranci. Wanda ya kama gutsattsari hamsin ya buɗe kalmomi ɗaruruwa. Na ba ɗan nawa shawara ya sayi ƙaramin littafi ya riƙa rubuta ma'anar kowace da Hausa. Abin da ka iya bayyana wa kakarka da harshenta, shi ne ka sani. Kada kuma ya raina wannan harshe. Ranar da za a kira su wani lungu a Mamobi ko Sawaba, tsohuwa tana riƙe da ƙirji ba ta jin Turanci, wanda zai durƙusa ya ce, "Sannu Hajiya, ina ne ke miki ciwo, tun yaushe?" ya riga ya yi rabin aikin.

Ƙa'ida ta biyu ita ce canza hannu. Yaron ya ce yana jin kunyar tambaya a aji, don gani yake kowa ya gane sai shi. Na ce ya gwada tambayar na kusa da shi. Bayan kwana biyu ya bugo yana dariya, wai wanda yake ɗauka gwanin ajin shi ma ya faɗi waccan jarrabawa. Haka abin yake, kowa ya rufe ɗakinsa yana zaton shi kaɗai rufinsa ke yoyo. Ku haɗu uku ko huɗu, kada ku wuce haka don kada ta zama hira. Ɗaya ya kwanta ya zama majinyaci, ɗaya ya duba shi, ɗaya ya riƙe agogo da takarda, sannan a juya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Malamai kuma a same su tun abu yana ƙarami, kada a bari sai sakamako ya fito.

Yanzu ga maganar aman nan, wadda ita ce ta fi ci masa rai. Jiri ko amai ko suma a ganin jini da rauni na farko abu ne sananne ga ɗaliban likitanci da na jinya a ko'ina. Jijiya ce ke sa bugun zuciya da ƙarfin jini su sauka farat ɗaya, kuma ga mafi yawan mutane abin yana raguwa da sabo. Ba ya nuna ragwanci, ba ya nuna mutum bai dace da aikin ba. A ci abinci kafin a shiga, a sha ruwa, in an ji jiri a zauna tun ba a faɗi ba. Amma akwai wani nauyin da ya wuce wannan. Mai wannan aiki zai ga gawa, zai ga yaro ƙarami da aka yi iya ƙoƙari bai tashi ba, wata rana ma zai ga wanda ya sani. 'Yan kwanaki na rashin barci da yawan tunani bayan irin wannan ba abin mamaki ba ne. Idan kuwa aka haura wata guda hoton yana dawowa, ana mugun mafarki, ana firgita da ƙarar jiniya, ana faɗa da kowa, abinci ya fita rai, to lokacin ganin ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa ya yi. In har tunanin cutar da kai ya shigo, wannan ba a jira ko kwana ɗaya. Ƙasar nan tana da dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa tun 2012, kuma ba sai an je Pantang ko Ankaful ba, manyan asibitoci irin su Korle Bu da Komfo Anokye da na koyarwa na Tamale suna da sashensu. Mu mutanen zango mun iya cewa "a yi haƙuri" da "namiji ba ya kuka". Haƙuri gaskiya ne, addu'a kuma makami ce, amma wanda ya karye a ƙafa yana addu'a yana kuma zuwa wurin maɗori. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Bari in juyo gare mu iyaye da 'yan'uwa, don laifinmu a nan ba kaɗan ba ne. Yaro bai yi wata biyu da tafiya ba mun fara kiransa "Dokta". Wannan ta bugo tana ciwon baya a faɗa mata magani, wancan ya aiko hoton takardar asibiti a fassara masa. Ga suna ranar Asabar, ga ɗaurin aure ranar Lahadi, ga addu'ar arba'in, kowanne ana cewa in bai zo ba ya yi girman kai. Wasu har sun fara aiko masa da bukatar kuɗi alhali ko albashi bai fara gani ba. Ita uwa kuma, saboda so, kullum tana tuna masa, "Kai ne fa idon gidan nan." Da me zai ji? Shi ya sa yaron nan ya fi tsoron uwarsa ta ji ya faɗi jarrabawa fiye da faɗuwar kanta. Mu ɗauke musu zuwa sha'ani na wannan ɗan lokaci, mu ba da uzurinsu a wurin dangi. In mun buga waya mu tambayi ko sun ci abinci, ko sun yi barci, kafin mu tambayi maki. In sun zo hutu suka kwanta har hantsi, a bar su. 'Ya'ya mata da ke wannan horo kuwa nauyinsu biyu ne, don suna dawowa tukunya da wanki na jiransu, ga masu cewa aikin dare bai dace da mace ba. Alhali idan matar ɗayanmu ce naƙuda ta kama a mota, mu ne farkon masu fatan a samu mace a cikin ma'aikatan.

Ban ce kowa dole ya ƙarasa ba. Akwai wanda zai zauna ya auna da idon basira ya ga wannan ba hanyarsa ba ce, kuma barinsa ba abin kunya ba ne, ƙofofin arziki suna da yawa. Abin da na roƙi ɗan nawa shi ne kada ya yanke wannan hukunci da ƙarfe goma sha ɗaya na dare, da yunwa, bayan mako bakwai ba barci. Na ce ya ba ni wata ɗaya: ya yi barci, ya nemi abokan karatu, ya sami malaminsa ya faɗa masa gaskiya, kuma ya kira uwarsa da kansa. In wata ya cika yana nan kan bakansa, ni zan biya kuɗin motar dawowa.

Ya kira ta. Ta yi kukanta, sannan ta ce masa ita ɗanta take so, ba takarda ba. A yanzu da nake wannan rubutu saura kwana tara wa'adinmu ya cika. Ya sake jarrabawar ya haye da ƙyar, an sake kai su asibiti ya ce jirin ya zo amma bai fita ba. Bai ce ya fasa dawowa ba, ni kuma ban tambaye shi ba. Kuɗin motar suna nan a aljihuna.

Masu karatu da ke da ɗa ko 'ya a irin wannan horo, da ma'aikatan da suka riga suka wuce wannan mataki, ƙofar wannan fili a buɗe take, ku rubuto mana yadda kuka yi, ƙila wani ya ƙaru. Allah Ya dafa wa 'ya'yanmu, Ya tsare mu da haɗarin hanya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Sai wata mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalam.